Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a Na Jamhuriyar Nijar

Mai girma Minista, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na san ba sai na karanta maka tarihin Hadijatou Mani ba, amma tun da ofishinka ya yi shiru, bari in tuna maka. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan kuɗin CFA 240,000, aka mai da ita wahaya, wato baiwar da ubangida ke riƙewa kamar matarsa ba tare da an ɗaura aure ba. A 2005 ubangidanta ya ba ta takardar 'yanci da hannunsa, amma da ta tashi tafiya sai ya ce ai matarsa ce, ba inda za ta. Ta kai ƙara Birnin Ƙonni, kotun farko ta ba ta gaskiya, ta sama da ita ta rushe hukuncin, kuma da ta auri wanda take so sai aka yanke mata wata shida a gidan kaso da laifin aure kan aure. Wannan ya faru ne alhali dokar 2003 da ta haramta bauta tana cikin kundin da ke kan teburin alƙalan.

Sai da kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma (ECOWAS), ta zauna a Yamai, ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare 'yar ƙasarta, ta umarci a biya ta diyyar CFA miliyan 10, sannan aka ji kunya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan ƙofa ta rufe tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Kun ce mun karɓi cikakken 'yancin kanmu, madalla. To, matar da aka 'yanta a wani ƙauyen jihar Tahoua, tsohon ubangidanta ya biyo ta da sunan aure, alƙalin yankinsu kuma ya fake da al'ada, ina za ta dosa yanzu? Ko 'yancin na ƙasa ne kawai, ban da 'yan ƙasa?

Ranka ya daɗe, don Allah ka aika wa alƙalai da masu gabatar da ƙara umarni a rubuce cewa takardar 'yanci ba ta komawa takardar aure, kuma duk wanda ya nemi mai da 'yantacce cikin bauta a tuhume shi da dokar 2003. A samar wa irin waɗannan mata lauyoyi kyauta, domin ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ba za ta iya ɗaukar nauyin nan ita kaɗai ba. Sannan ka fito ka faɗa wa jama'a adadin mutanen da kotunan Nijar suka ɗaure a kan laifin bauta daga 2003 zuwa yau.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga Tahoua