Zuwa ga Abba, kan rigimarku da abokinka mai gita

Assalamu alaikum Abba,

Ya karatu, ya zafi? Jiya da daddare Ummanka take gaya min wai kai da abokin nan naka mai kaɗa gita kun kusa sati uku ba kwa ga maciji, har ka fice daga guruf ɗinku na WhatsApp. Wai shi ya ce waƙoƙi shidan da kuka ɗauka a ɗakin yayansa a ajiye su sai an samu babban kamfani ko wani mai hali da zai ɗauki nauyi a sake ɗauka a babban situdiyo, kai kuma ka ce a sake su haka nan, daga nan magana ta yi tsawo har ka kira shi mayen kuɗi a gaban mutane. Na so in kira ka amma na san halinka, "to Baba" kawai za ka yi ta ce min har in kashe waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka san na yi shekaru a ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyo, lokacin da muke yanka tef da reza mu liƙa. A lokacin ne wani abokin aikina da ya dawo kwas daga Amurka ya ba ni kaset ɗin wasu samari 'yan birnin Siyatil, Green River suke kiran kansu, kuma tun da Ummanka ta gama magana su ne suke ta yi min yawo a rai.

A 1984 suka haɗu. Mark Arm ke waƙa, Steve Turner da Stone Gossard suna gita, Jeff Ament na riƙe da bes, wato gita mai kaurin murya, Alex Vincent kuma ganga. Faifansu na farko Come On Down ya fito 1985, waƙa shida ne cif kamar naku, kuma bai yi wata kasuwa ba, amma yau mutane da yawa shi suke lissafawa a matsayin faifan farko na kiɗan da ake ce wa grunge. Kalmar ma ma'anarta dauɗa ce, don sautin gitar a dagule yake kamar sipika ta fashe. Bayan wannan faifan Turner ya bar su don ba ya son inda kiɗan ya dosa, Bruce Fairweather ya maye gurbinsa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na biyu, Dry as a Bone. A 1986 suka ɗauke shi a wani ɗan ƙaramin situdiyo mai suna Reciprocal Recording, wani Jack Endino ne a kan na'ura, kuma na'urar layi takwas gare ta kacal. Kai da ka tashi da kwamfuta ba za ka gane wahalar nan ba, layi takwas fa, ganga kaɗai sai ta cinye kusan rabi, sauran ka raba wa gita biyu da bes da murya, ba wani gyara da linzami, in mutum ɗaya ya kuskure sai dai a juya tef baya a sake, dole kowa ya iya nasa tun daga gida kuma dole kowa ya saurari ɗan'uwansa. Wallahi in na sa shi ina jin ɗakin, ina jin mutum biyar a takure suna kallon juna. Waƙa biyar ce a ciki. Da suka gama sai faifan ya zauna kusan shekara bai fito ba saboda Bruce Pavitt mai kamfanin Sub Pop ba shi da kuɗin bugawa, sai 1987. A wannan ɗakin dai wata ƙungiyar mawaƙa, Soundgarden, suka ɗauki faifansu Screaming Life, a nan kuma wata ƙungiyar, Nirvana, suka yi nasu faifan Bleach da ya fito 1989 a kan dala 606 da 'yan canji.

To ka ga har nan ina bayanka. Waƙa in tana da rai ba ta jiran babban situdiyo, na ga wannan da idona a wajen aiki, kuma naku da ka turo min na saurara sau da yawa, ta ukun nan musamman, ni ban ga abin da za a ƙara mata ba.

Amma saurari sauran labarin. Cikinsu Ament da Gossard suna son babban kamfani ya ɗauke su, Arm kuma ya fi son su zauna da ƙananan kamfanoni su yi abin da ransu ke so. A watan Oktoba na 1987 suka je wasa Los Anjales, sai Ament ya cika takardar baƙin da za su shiga kyauta da sunayen wakilan manyan kamfanoni maimakon abokansu, ƙarshe ma yawancin wakilan ba su zo ba. Kafin watan ya ƙare ƙungiyar ta watse. Faifansu Rehab Doll sai a 1988 ya fito, lokacin babu ma masu shi a tare. Cinikin biri a sama ne ya raba su Abba, ko sisi ba ta shigo ba tukuna, irin naku sak.

Arm ya koma wajen Turner suka kafa Mudhoney. Su Ament da Gossard da Fairweather suka kafa Mother Love Bone, suka samu babban kamfanin da suke nema, sai mawaƙinsu Andrew Wood ya mutu a watan Maris na 1990 sanadin ƙwaya, dab da fitowar faifansu. Wannan ka riƙe shi daban, ka san abin da nake nufi da kodin da sauran tarkacen da ke yawo a wuraren kiɗa, ban yarda ba ko da wasa. Daga baya Ament da Gossard suka kafa Pearl Jam, faifansu na 1991 ya sayu miliyoyi. Shi kuwa Arm ya ci gaba da kiɗansa yana kuma aiki a sito na Sub Pop yana haɗa kaya ana aika wa masu saye.

Ni dai na daɗe ina juya abin, ban ga mugu a cikinsu ba. Ament ɗan wani ƙaramin gari ne a jihar Montana, babansa aski yake yi, ya zo birni yana aikin gidan shayi yana kiɗa da dare, mutum irin wannan in ya ce yana son kiɗa ya ciyar da shi ai ba kwaɗayi ba ne. Abokinka ma haka. Ka manta mahaifinsa ya rasu, shi ke riƙe da ƙannensa? Kai in waƙa ba ta kawo komai ba za ka dawo gida ka tarar da tuwo, shi fa? Kalmar nan da ka jefe shi da ita ta yi nauyi, kuma a gaban mutane, gaskiya ban ji daɗi ba.

Su can sun shirya daga baya, a 1993 Arm da Turner sun hau dandali tare da su Ament a Las Begas, a 2008 kuma suka sake haɗuwa lokacin bikin cikar Sub Pop shekara 20, a 2019 kamfanin ya sake fitar da tsofaffin faifan nan. Amma sabon faifan Green River bai ƙara fitowa ba.

Abin da nake so ka yi, ka taka da ƙafarka ka je gidansu, ba saƙon waya ba, ka ba shi haƙuri kan kalmar nan tukuna kafin a zo maganar waƙa. Kar ka kuskura ka ɗora ko ɗaya a intanet ba da yardarsa ba, gitarsa na ciki, haƙƙinsa ne. Ku zauna ku rubuta a takarda wa ya rubuta me, wa ya kaɗa me, in kuɗi ya zo yaya za a raba, kowa ya sa hannu. Ko ku saki biyu yanzu ku ajiye huɗu kamar yadda yake so, wannan ku za ku daidaita. Sannan ka kwafi waƙoƙin a wuri biyu, kar ka dogara da waya ɗaya.

In kun gama ka taho da shi gida ran Juma'a bayan masallaci, kaset ɗin yana nan a akwatina, rediyon ma tana aiki, sai in sa muku ku ji. Ummanka ta ce za ta yi dambu. Allah ya yi maka albarka.

Babanka