A sanar da mu inda kuɗi suka je, amma a rufa wa talaka asiri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan yadda ake liƙa jerin sunayen waɗanda suka samu tallafi, shi ne nace bari in ɗan tofa albarkacin bakina.

Ni dai ina goyon bayan a fito da komai fili, dama dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu ikon tambayar gwamnati yadda take kashe kuɗinmu. Amma wallahi abin da na gani a bangon wata ma'aikata nan Kaduna ya tayar min da hankali, suna ne cikakke ga lambar waya ga lambar akawun duk a takarda ɗaya, kowa ya zo ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp. Bayan kwana biyu wani ya kira gwaggona, ya faɗi sunanta da unguwarsu yace daga banki yake, ta karanto masa lambar da aka turo mata ta tes, kafin la'asar an kwashe ɗan abin da take tarawa na jarin ƙosai. Tsohuwa ta ina za ta gane ɗan damfara alhali ya san komai nata?

Tunda akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, roƙona ga hukumomi shi ne a riƙa wallafa suna da mazaɓa da adadin kuɗin kawai, lambar waya da akawun da NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) kuma su tsaya a ofis wajen masu bincike.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna