Rahoton ayyukan shekara: ƙaurar tsuntsaye a lambun bakin tafki

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, ga rahoton bana daga kwamiti.

Kusan duk ƙarfinmu a bana kan fitar asuba don kallon tsuntsaye ya ƙare, daga ƙarshen Maris har tsakiyar Mayu, lokacin da tsuntsaye ke komawa arewa inda suke hayayyafa. Wasu sun yi ta ƙorafi wai sammakon ya yi yawa, to ai ba mu muka tsara haka ba, galibin ƙananan tsuntsayen nan da daddare suke tafiya, gari na wayewa sai su sauka inda suka samu itace da ruwa da ƙwari, kuma da yawansu sukan dakata a gaɓa kafin su tsallaka babban ruwa, shi ya sa lambun nan yake cika haka. Waɗanda suka fito washegarin da aka kwana ana ruwa da iska ba za su manta ba, tsuntsu a kan reshe dab da fuskarka ya gaji liƙis, ko kallonka ba ya yi sai tsintar ƙwari a bayan ganye, can kuma tsattsewa na ta shawagi suna kusan taɓa ruwan da ƙirjinsu.

Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, wadda ake yi tun 2006, mun yi tamu Asabar ta biyu a watan Mayu tare da 'yan makaranta. Abin da ya fi kama yaran shi ne labarin wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki da aka saka wa na'urar bin diddigi, a 2022 ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11, sai da muka nuna musu a taswira kafin suka yarda.

Duk abin da muka gani mun shigar da shi eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet na jami'ar Cornell a Amurka. Amma don Allah masu amfani da Merlin a waya, wato manhajar gane tsuntsu ta kukansa ko hotonsa, ku sani tana kuskure, in ta kawo muku suna kuma ba ku ga tsuntsun da ido ba ko ba ku tabbatar da kukansa ba, kar a rubuta, masu bincike da bayananmu suke aiki.

Sai abin da ya fi damun kwamiti, gaskiya ranmu ya ɓaci da yadda wasu ke kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito fili su ɗauki hoto. Tsuntsun da ya kwana yana tafiya kitsen jikinsa ya ƙare, ɗan lokacin da zai ci ya huta sai ka sa shi yana neman abokin faɗan da babu shi, wannan zalunci ne, kuma daga yanzu an hana a duk fitar ƙungiya. Haka masu kutsawa cikin dogayen ciyayin gaɓa, a tsaya a kan hanya.

Mun zauna da masu kula da lambun, sun yarda ba za a sare ciyayin gaɓar ba sai ƙaura ta wuce, mun kuma liƙa ɗige-ɗige a gilasan ɗakin baƙi ta waje, tazarar santimita 5, saboda tsuntsu hoton itace yake gani a gilashi ya faɗa masa. Maganar rage fitilun dare ce har yanzu ba mu daidaita ba, ga shi hasken yana ɓatar da masu tafiyar dare, za mu sake komawa.

Baɗi muna son raba kanmu gida biyu don a samu masu lura a duka gaɓar gabas da ta yamma. Mai madubin hangen nesa da ba ya amfani da shi ya kawo wa sakatare kafin mitin na gaba, sababbin mambobi suna buƙata.