Godiya ga Baba Mai Gyaran Makulli na Dilimi, Kan Fijon Mahaifinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago, na ga ya dace in rubuto wannan wasiƙa a fili inda jama'a za su gani, domin godiyar da na yi maka a bakin rumfa ranar da na karɓi makullaina ba ta kai rabin abin da ke raina ba. Ka ce kada in kama sunanka, kuma na ji maganarka. Amma duk wanda ya saba shiga layin masu kayan gyaran mota na Dilimi a nan Jos ya san rumfar da nake nufi: wadda aka jera ɗanyun makullai a jikin allo, dattijo na zaune da tabarau a karan hanci yana gugar ƙarfe da magagari.

Motar da na kawo maka kukanta Fijo 504 ce ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama. Da gumin aikin koyarwa ya saye ta sabuwa dal a zamanin Shagari, haɗin Kaduna. Yaran yanzu suna ganin irinta su wuce, ba su san cewa ita ce motar da ta fito a Faransa a 1968 har aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969 ba, kuma tun da kamfanin Peugeot na Kakuri ya fara aiki a 1975 ta zama motar gida, motar ofis, motar haya. Mu da muka taso a Jos mun san lokacin da tashar Bauchi Road take cike da doguwarta, ana lodin Kano da Bauchi da Gombe. A wancan zamani kayan gyaranta ko'ina ka juya akwai. Yau kuwa sai ka kewaye kasuwa kafin ka sami abu guda na asali.

Bayan rasuwar mahaifinmu ta daɗe a lulluɓe da tamfol a tsakar gida. Da na yi niyyar tayar da ita, makanikai a Farin Gada suka yi abin da ya dace da inji da kabireta da birki, ta tashi. Abin da ya rage shi ne makullai, kuma nan ne matsalar ta taru. Makulli uku muke riƙewa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta waje sai an zagaya ta wajen fasinja. But kuwa sai ta ga dama. Na suwic sai an lallaɓa, a ɗan ja shi baya, a girgiza, sannan ya juya. Wata safiya a tsakiyar hunturu, irin sanyin Jos da ke sa yatsu su ƙage, na murɗa shi da ɗan ƙarfi sai ya karye, rabi a hannuna rabi a ciki, ga sitiyari a kulle.

Mutum biyu na fara kira. Na farko ya ce a sa kurfi da guduma a fasa makullin sitiyarin, a haɗa waya kai tsaye, a dasa maɓalli a ƙarƙashin dashbod. Na biyu ya ce a cire duka a zubar, a sayo sabon suwic na kasuwa. Ban ga laifinsu sosai ba, abin da suka iya ke nan, amma zuciyata ta ƙi. Wannan ƙarfen hannun mahaifina ya murɗa shi kowace safiya shekara da shekaru. Wani tsohon direban haya, abokin marigayin, shi ne ya ce mini, je ka Dilimi ka nemi Baba, kada ka bari kowa ya taɓa ta kafin shi.

Abu na farko da ka tambaye ni ba kuɗi ba ne, takardun mota ne da katin shaidata. Ka ce ba ka yanka makullin motar da ba ka tabbatar da mai ita ba, ko da ɗan'uwanka ne ya kawo. Tun daga nan hankalina ya kwanta. Sannan ka hau keke da 'yar jakarka ka biyo ni har gida, da girmanka, tunda motar ba ta motsuwa.

Na tsaya a kanka ina kallo, ba don rashin yarda ba, don ban taɓa ganin irin wannan aiki ba. Da wani siririn tsinken zarto da hantsaki ka zaro guntun da ya maƙale, ba guduma, ba ƙara. Ka haɗa guntayen biyu a tafin hannunka ka nuna mini haƙoran sun sule kamar bakin tsohuwar wuƙa, kuma ka ce wannan ba makullin asali ba ne, kwafi ne da aka yanka daga wani kwafin. Duk sanda aka kwafi makulli daga wanda ya cinye, sabon yana gadon cinyewar, ya ƙara da nasa kuskuren. Ka bayyana mini cewa a cikin gidan makulli akwai zuciya mai juyawa, a jikinta 'yan ƙananan haƙoran tagulla, kowanne da sifirin ɗinsa siriri kamar gashi. Tudu da kwarin da ke jikin makulli su ne suke daidaita kowane haƙori a gurbinsa. Guda ɗaya ya saɓa, zuciyar ba za ta juya ba. Girgizawar da muke yi duk shekarun nan, ashe sa'a muke nema haƙoran su faɗa daidai. Saboda haka ba ka kwafi karyayyen ba. Ka kwance suwic ɗin, ka auna haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ka yanka sabo a kan zurfin da ya kamata tun farko.

Sunan nan da ke jikin ƙarfen, Neiman, kai ka gaya mini na kamfanin da ya ƙera makullin sitiyarin ne, har Faransawa da kansu da shi suke kiran irin wannan makulli. Da an fasa shi da kurfi, da motar ta rasa abin da ke hana ɓarawo juya sitiyari, domin irin waɗannan tsofaffin motoci ba su da wata na'urar tsaro a cikin makulli kamar na yanzu da ake haɗawa da kwamfuta. Ƙarfen nan shi ne mai gadinta.

Aikin ƙofofi ne ya fi burge ni. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ka jera haƙoran kowace ƙofa bi da bi yadda suka fito, don kada su cakuɗe. Tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturu ta shekaru ya zama kamar danƙo, yaronka ya wanke komai da kananzir da tsohon buroshi har tagullar ta fito fes. A nan ka gano cewa makullin ƙofar direba ba na motar ba ne, an taɓa canja shi, kuma wani ya taɓa cusa masa sukudireba ya lanƙwasa haƙora biyu. Sai ka faɗi wata magana da ban manta ba, ka ce ƙofar fasinja ita ce take riƙe da gaskiyar mota, domin ita aka fi ƙyalewa, haƙoranta ba su ci wuya ba. Da ita ka yi ma'auni. Ka ɗauko gwangwanin madarar nan da kake tara haƙoran tsofaffin makullai, ka tsinto waɗanda suka dace, ka sake tsara na ƙofar direba da na but su bi sahunta. Ka kuma gyara ɗan murfin da ke rufe ramin makulli, wanda mutuwarsa ce ta bar ƙura da ruwan damina suna shiga. Yanzu makulli guda ne yake buɗe ƙofofin gaba biyu da but.

Na so a ce har suwic ɗin ya shiga cikinsu, makulli ɗaya tak. Ka dube ni ka ce, Alhaji, wannan ba zai yiwu ba, layin jikinsu ba iri ɗaya ba ne, na ƙofa ba ya ko shiga ramin suwic, kuma ba zan karɓi kuɗinka a kan abin da na san ba zai yi ba. Haka ma da ka buɗe bayan suwic ɗin ka goge bakin tagullar da wuta ta ƙona, ka gyara sifirin da ke dawo da makulli daga D, wajen tayarwa, zuwa M, wajen tafiya, bayan mota ta tashi, sai ka nuna mini wata wayar rediyo da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba. Ka ce wannan aikin mai wayarin ne, ba naka ba, in kai masa. Na kai, an gyara.

Kuɗin da ka faɗa tun farko shi ka karɓa, ko sisi ba ka ƙara ba. Ka yi alkawarin kwana uku, da ka ga zai kai huɗu ka aiko yaronka tun kafin lokacin ya sanar da ni. Yaron nan, Baba, Allah ya yi masa albarka. Yana da natsuwa da ladabi, hannunsa kuma ya fara kama naka.

Shawarwarin da ka ba ni ina bin su, kuma ga su nan don masu irin motata. Kada a zuba baƙin mai ko giris a ramin makulli, ƙura yake kamawa. Garin bakin fensir ya isa. Kada a rataya tarin makullan gida da na shago a jikin na suwic, nauyin yana cinye haƙoran ciki in mota tana tafiya a kan gargada. In sitiyari ya kulle makulli ya ƙi juyawa, a ɗan motsa sitiyarin hagu da dama, kada a tilasta. Sannan makulli guda daga cikin sababbin a ajiye shi a gida ba a amfani da shi, in za a yanka wani daga jikinsa za a yanka.

Abin da ke damuna shi ne irinku kun yi ƙaranci. Samari sun fi son na'urar haɗa makullan zamani, kuma ba laifi, can kasuwa take. Amma har yanzu akwai 404 da 504 da 505 da tsofaffin Marsandi a gidaje a Unguwar Rogo da Gangare da Bukuru, masu su suna son su kamar yadda nake son tawa. Ina roƙonka, kada ka gaji da koyarwa. Masu irin waɗannan motoci kuma ina roƙonku, kafin ku yarda a ɗaga guduma, ku shiga Dilimi ku tambaya.

Ranar da na zo karɓa ka miƙo mini 'yar leda, a ciki akwai duk tsofaffin haƙoran da ka cire, da karyayyen makullin nan, har da ɗan zoben fatar da mahaifinmu ya ɗaura masa. Ka ce wannan ba na zubarwa ba ne. Na kai wa Hajiya, ta riƙe shi a hannu ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta sa shi a cikin akwatinta. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na kai ta Bukuru gaida ƙanwarta a cikin motar. Na buɗe ƙofar direba ta waje, murɗa ɗaya, na kunna ta tashi, murɗa ɗaya. Hajiya ta ce in gaya maka tana sa ka a addu'a.

Saura makullin murfin tankin mai, wanda ka ce in kawo in ka sami haƙoran da suka dace. In sha Allahu bayan Sallah ina tafe da shi.

Allah ya ƙara girma, Baba. Allah ya ƙara wa idanu haske da hannu ƙarfi, ya sa albarka a rumfar nan da duk wanda yake ci daga gare ta, ya jiƙan magabatanmu da naka.

Wassalam.

Naka,
Ɗan mai Fijo, daga Unguwar Rogo, Jos.