Allurar maleriya ta R21: a riƙa ambaton Farfesa Tinto mana

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan allurar rigakafin maleriyar nan da ake ce ma R21, don duk inda aka tada zancenta sai ka ji ana cewa allurar Oxford ce, a tsaya nan. Eh, a jami'ar Oxford ta Ingila aka haɗa ta ƙarƙashin Farfesa Adrian Hill, babu mai ja, amma wanda ya jagoranci gwajin da ya fara nuna ma duniya cewa abun nan yana aiki ɗan Burkina Faso ne, Farfesa Halidou Tinto, kuma da wuya ka ji an kira sunanshi.

Bawan Allahn nan a Beljiyam ya yi digirinshi na uku, da ya so zama a ƙasar waje ai ya zauna, amma sai ya koma gida ya kafa cibiyar bincike a Nanoro, wani gari da ko wutar lantarki babu lokacin, sai da ya yi ta bin gwamnati kafin aka ja musu wuta. To ka duba fa, aikin da sai da firij na ajiye allura da jinin gwaji, ga na'urori. A nan aka yi wani ɓangare na gwajin allurar maleriya ta farko, mai suna RTS,S, daga 2009, shi ya sa da R21 ta zo ta tarar da ma'aikata sun riga sun goge.

A 2019 suka ɗauki yara 450 'yan wata 5 zuwa 17 da yardar iyayensu, wasu aka yi musu R21 wasu kuma allurar cizon mahaukacin kare don a samu abun kwatantawa. Daga nan sai bibiya, yaro ya yi zazzaɓi a kawo shi, a ɗan ɗiga jininshi a gilashi a leƙa ta madubin likita a ga ko akwai ƙwayar cutar, a rubuta, haka shekara guda cur. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna kariyar kashi 77 cikin ɗari ga rukunin yaran da allurar ta fi yi ma aiki, karo na farko kenan da wata allurar maleriya ta tsallake kashi 75 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa a gaba.

Abun da ya fi burge ni shi ne yadda kowa ya kawo nashi. Kamfanin Novavax na Amurka suka bada sinadarin da ke ƙara ma allurar ƙarfi, Serum Institute na Indiya suka ɗauki nauyin sarrafa ta da yawa, sannan aka faɗaɗa gwajin zuwa yara 4,800 a Burkina da Mali da Kenya da Tanzaniya. Wato ba irin haɗin gwiwar da ɗan Afirka aikinshi kawai ya ɗebi jini ya tura waje a rubuta takarda babu sunanshi ba ne, su Tinto suna cikin masu riƙe da ragamar. A Oktoban 2023 WHO ta amince da allurar, shekarar kuma mujallar Nature ta sa Tinto cikin mutum 10 da suka yi fice a kimiyya, a Disamban 2024 Nijeriya ta fara yin ta a Kebbi da Bayelsa.

Sai dai a gaya ma iyaye gaskiya, allurar sau huɗu ake yi, kuma ba ta hana sauro cizo, ƙwayar cutar take tarewa kafin ta shiga hanta, kuma ba duka take tarewa ba, don haka kar wani ya naɗe gidan sauro ya ajiye wai an yi ma yaro allura.

Roƙona Malam Edita, ku tura wakilinku ya yi hira da Farfesa Tinto a fassara mana, a tambaye shi yadda ya shawo kan iyayen Nanoro har suka riƙa dawo da yaransu wata bayan wata. Na gode.

Naku, mai bibiyar jaridarku