Kafin Ka Shiga Gisozi

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya lafiya. Mamanka ta ce ranar Asabar makarantarku za ta kai ku Gisozi da ke Kigali, babban birnin Ruwanda, wurin tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan Tutsi a 1994, inda mutum fiye da dubu 250 ke kwance a kaburburan bai ɗaya. Ka je. Ka sa tufafin mutunci, wayarka ta zauna a aljihu. Gidan makoki za ka shiga, kuma cikin waɗanda za ka gani a can akwai masu iyaye a ƙarƙashin simintin nan. Kada ka kuskura ka tambayi kowa ko shi Hutu ne ko Tutsi. Katin shaida mai ɗauke da sunan ƙabila shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya kafin a sare mutum da adda.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Kawunka ya nuna mini abin da ka rubuta a Facebook makon jiya, inda ka kira wasu mutane ƙwari, ka ce sai an yi musu feshi. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa. Kai? Kai da aka goya ka cikin ɗakin ajiyar maƙwabtanmu a Jos, lokacin rikicin Satumbar 2001, kwana uku matar gidan tana toshe maka baki da tsumma mai sukari don kada a ji kukanka? Ka san wane coci suke zuwa. Su ma ƙwarin ne?

Idan ka shiga, za ka karanta labarin gidan rediyon RTLM. Watanni ya yi yana kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai, har kunne ya saba. Da aka harbo jirgin Shugaban Ruwanda Habyarimana ranar 6 ga Afrilu, maƙwabci ya fita neman maƙwabcinsa, cikin kwana ɗari aka hallaka mutum wajen dubu 800. Irin maganar da ka rubuta ce aka fara da ita, Allah ya tsare.

Za ka ce na cika tsawa, ban san zafin da matasa ke ji ba. Shagona ne ya ƙone, ni na wanke gawar Baffanka. Da zan koya muku ƙiyayya, da ina da hujja fiye da kowa, amma ban taɓa barin a zagi wata ƙabila a tsakar gidana ba.

Akwai ɗakin yara a ƙarshen zagayen. Ƙarƙashin hoton kowane yaro an rubuta shekarunsa, abincin da ya fi so, da yadda aka kashe shi. Ka tsaya nan ka daɗe, ko da abokanka sun wuce. Kafin ranar kuma ka goge rubutun nan.

Idan kun fito ka kira ni, ko dare ya yi. Kun riga mu da awa ɗaya kawai. Mamanka ta ba wani mai zuwa Kigali yaji da kilishi ya kawo maka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka