Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta tallafa wa tsofaffin sojoji da suka fito daga gidan gyaran hali, Kaduna

Assalamu alaikum. 'Yan uwa mambobi, Musulmi da Kirista, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne neman mai tsaya wa mutanenmu. Duk inda muka kai mutum neman aiki, tambayar farko ita ce: wa zai tsaya masa? Sojan da kotun soja ta kora yakan rasa fansho da garatuti, takardar sallamarsa ma ita ke rufe masa ƙofa, dangi kuwa da yawa sun janye jiki tun yana tsare. Shi ya sa shugabanni suka yanke cewa ƙungiya ce za ta riƙa sa hannu, mambobi biyu su bi sawun kowane mutum, su san gidansa da wurin aikinsa. Nauyi ne babba, amma shi ya buɗe mana ƙofofin da suka daɗe a rufe.

Dole mu faɗi inda muka yi kuskure. Da farko mun ɗauka aikin gadi ne ya fi dacewa da tsohon soja, muka tura mutane kamfanonin tsaro. Ashe gadin dare guba ne ga wanda ya dawo daga fagen daga da firgici. Wasunsu sun yi Borno a zamanin rundunar yaƙi da Boko Haram ta Lafiya Dole, wadda aka mayar Haɗin Kai a 2021, dattawan cikinsu kuma sun yi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Mutumin da dama barci ke gagararsa, ka ajiye shi shi kaɗai a bakin ƙofa har asuba, ƙarar fashewar taya ta isa ta mayar da shi daji. Wani ɗan uwanmu ya koma shan tiramadol don ya hana idonsa rufewa, ƙarshe ya rasa aikin. Laifinmu ne, kuma mun daina tura kowa gadin dare sai da shawarar likita.

Daga nan muka karkata kasuwar Panteka. Iyayen gida masu walda, kafinta da gyaran injuna sun karɓi mutanenmu hannu biyu, Allah ya saka musu da alheri. Aikin rana ne, cikin jama'a, ga ɗan abin sawa a aljihu da yamma. Sharaɗi ɗaya muka roƙa: ranar ganin likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a sallami mutum ba tare da an yanke masa komai ba. Mun lura wanda bai tsallake ranar asibiti ba shi ne ya fi riƙe aikinsa, don haka kaso mafi tsoka na asusunmu ya tafi ne a kuɗin mota da magani.

Mun kuma zauna da masu ɗaukar aiki, muka bayyana musu cewa tun 2019 doka ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, kuma a 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Wasu sun saurara. Wasu har yanzu "mahaukaci" suke cewa, kalmar da ke ƙona mana rai duk sanda muka ji ta.

Gonar da muka yi niyyar nomawa ba ta yiwu ba saboda tsadar taki. Ziyarar iyalai ma ta yi rauni, alhali matan nan su ke ɗauke da rabin wahalar.

Babban taro zai zo bayan ranar tunawa da mazan jiya, 15 ga Janairu. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi, sannan a zaɓi mata biyu cikin kwamitin ziyara. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar, akwai mutanen da maganinsu na watan gobe ya dogara da shi.

Sakataren ƙungiya